Kwana Tara Bayan Ruwan Shuka

An yi wani sarki a wani zamani mai nisa, a birnin da ake kira Tudun Aduwa, sunansa Haliru ɗan Mamuda. Mutum ne mai son adalci har cikin zuciyarsa, sai dai Allah ya ɗora shi a kan shimfiɗar da ba a zama a kanta da aboki. Tun ranar da aka naɗa masa rawani babu wanda ya sake duban tsakiyar idonsa, babu wanda ya sake ce masa a'a, kuma bisa al'adar gidan shi kaɗai yake cin abincinsa a bayan labule, don ba a yarda wani mahaluki ya ga sarki yana tauna ba.

To, akwai wata damuwa da ta yi kwanaki tana nuƙurƙusar sarkin nan, ta hana shi sakin fuska. A ƙasar akwai doka tun ta kakanni, wai duk gonar da ta yi damina uku a jere ba ta ciyar da mai ita ba, an tabbatar mai ita rago ne, sai a karɓe ta a ba wanda zai raya ta. A da sai a yi shekara goma ba a taɓa gonar kowa ba. Amma a zamaninsa kowace bazara sai hakimai su zo masa da sunayen gonaki ashirin ko talatin ya buga hatimi, in kuwa ya tambayi wanda aka ba, sai ya tarar mai sarauta ne, ko ɗan mai sarauta, ko surukinsa. Ƙauyuka suna ta komawa kufai, shi kuwa bai san dalili ba.

Ran nan fada ta cika, sai ya ce, "Ya ku manyan ƙasa, ina da tambaya, kuma amsa nake so, ba kirari ba. Sama ɗaya take yi mana ruwa, ƙasa ɗaya muke takawa, gero kuwa bai san rawani ba, bai san tsumma ba. To, me ya sa rumbun mai sarauta yake kai wa wata kaka, na talaka kuwa tun kafin bazara an share gindinsa?"

Galadima Sambo, wanda shi ne babba a cikin hakimai, kuma ya fi kowa yawan gonaki, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ai ba ta kai a kira ta tambaya ba. Himma ce. Allah ya halicci waɗansu da himma a jini, shi ya sa ya ba su jagoranci, ya halicci waɗansu da son inuwa, shi ya sa ya ajiye su a ƙarƙashin na farko don kada su halaka. Talaka, Allah ya ja zamaninka, in ba a tsaya a kansa ba, ko loma ba zai kai bakinsa ba."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya, "Gaskiya ne! Haka yake!"

Sarki ya juya wajen Waziri Isiyaku, wani dattijo mai ilimi da ƙarancin magana, ya ce, "Kai fa, Waziri?"

Waziri ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ni ban sani ba. Shekarata arba'in a zauren nan, hannuna bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma waɗanda suka amsa yanzu, tafin hannunsu laushinsa ɗaya da nawa. In sarki ya yarda, a kirawo ɗaya daga cikin waɗanda za a karɓe wa gona bana a tambaye shi. Mun daɗe muna yanke wa ragwaye hukunci, ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba."

Aka buɗe takarda, sunan da ya zo farko na wata mata ne, Tabawa, daga ƙauyen Marke Biyu a gundumar shi Galadiman.

Ita dai Tabawa mijinta Jibo ya rasu ya bar ta da gona ɗaya, da bukka a gefen gonar, da samari biyu, Nomau da Shekarau. Da yunwa ta yi yunwa, samarin suka ce za su tafi kudu neman abinci, za su dawo kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka sau uku ba su dawo ba, ba saƙo, ba labari. Tana da ɗan'uwa a wata ƙasa mai nisa wanda ya sha aiko mata ta koma wurinsa, ta ƙi, don bukkar nan da gonar nan su kaɗai ne wurin da yaran suka san za su same ta. In aka karɓe gonar, ranar da suka dawo barorin wani za su tarar, a ce musu ba a san inda tsohuwa ta nufa ba. Ku da kuka haifa kun san nauyin wannan, ba sai na tsawaita ba.

Da dogari ya zo kiranta, duk unguwa kowa ya shige gida. Ta tsaya a bakin dangar maƙwabciyarta ta ce, "Lantana, don Allah in wani ya zo yana tambayata, ki ce ina birni, ya jira."

Daga bayan zana Lantana ta amsa ƙasa-ƙasa, "Tabawa, ki rufa mini asiri. Ni ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba."

Haka ta bi dogari ita kaɗai, yini biyu a ƙasa, har zauren fada. Ta durƙusa, goshinta a kan yashi, tana jin ƙamshin turaren manya yana shiga mata hanci. Aka maimaita mata tambayar sarki. Wani bafade ya daka mata tsawa ta ba da amsa, sai ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban yi karatu ba, ban san abin da Allah ya zuba a jinin kowa ba. Abin da na sani kwana tara ne."

Sarki ya ce, "Wane kwana tara, baiwar Allah?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe, ai washegari ake buga ganga, kowa ya ɗauki sunguminsa ya tafi gandun sarki."

"Haka ne. Yini ɗaya, kamar yadda kakannina suka ajiye."

"To, Allah ya ja zamaninka, in mun gama naka sai mu wuce na Galadima, kwana uku, don nasa ya fi naka faɗi. Daga nan na dagaci, kwana biyu. Mai unguwa yini ɗaya. Sarkin noma yini ɗaya. Jakadan Galadima, shi ma da yake shi ke kawo ganga, yini ɗaya. Ran na goma mu je namu, mu tarar ƙasa ta bushe a sama. In lokacin noman firi ya yi, wato cire ciyawar farko, haka za mu sake bi gida-gida. Maimai haka, girbi haka. Kuma kowane gandu muka je, ce mana ake yi aikin sarki ne."

Shi dai sarki duk zamansa yini ɗaya ya san yana karɓa daga talakawansa, bai san yinin nan ya hayayyafa a hanya har ya zama tara ba.

Galadima ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ga irin abin da nake faɗa. Damina wata huɗu ce. Kwana tara mene ne a cikinta ga mai himma? Rago dai ba ya rasa abin da zai jingina da shi. Wannan tsohuwa ko an ba ta damina biyu a shekara, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, za ta girba."

Tabawa ta san bakinta ba zai ja da bakin Galadima a zauren nan ba, ko da za ta yini tana rantsuwa. Sai ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba zan yi musu da Galadima ba, ubana ne, ubangidana ne. Amma in sarki ya yarda, a bar gero ya yi maganar. A ba ni ranar Galadima, a ba Galadima ranata, damina ɗaya tak."

Waziri ya ɗaga kai ya dube ta, sannan ya ce, "Allah ya taimaki sarki, wannan shari'a ce mai kyau, kuma shaidunta ba sa karɓar toshiya. Akwai fili a bayan gidan sarki. A raba shi biyu daidai, a ɗebo iri daga ƙwarya ɗaya. Matar nan ta noma rabi ita kaɗai, tun daga ranar farko. Galadima ya noma rabi da barori iyakar son ransa, da taki iyakar ƙarfinsa, da sharaɗi guda: kowane aiki, daga shuka har girbi, sai ya jira kwana tara bayan lokacinsa ya yi, kuma a cikin kwanakin nan kada ƙafar kowa ta taka gonar, tun da shi talaka a lokacin yana gonar wani."

Galadima ya ce, "Na yarda. Amma in nawa ya kai nata ko ya fi, a karɓe gonarta, a kuma fitar da ita daga ƙasar, don ta yi wa manya ƙazafi a gaban sarki."

Sarki ya ce, "Kin ji, baiwar Allah?"

Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe." A zuci kuwa cewa take, wayyo ni, na sa hannuna a wuta, in damina ta zo da gardama fa?

Aka kafa mata 'yar rumfa a jikin katangar bayan fada, ana aiko mata da tuwo sau ɗaya a yini. Nan ta zauna tana jiran ruwa, kuma ban da ranar da aka binne mijinta ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wurin nan ba. Mutanen fada sun ɗauke ta abin dariya, mutanen ƙauye sun ɗauke ta abin tsoro. Kuyangar da ke kawo mata akushi takan dire shi daga nesa ta ce, "Sarauniyar gero, an tashi lafiya? Yaushe za a yi naɗin?" Barorin Galadima in sun wuce sukan ce, "Iya, in kin gaji ki faɗa mu goya ki zuwa gida. Au, mun manta, gidan ma na Galadima ne bana." Ranar kasuwa takan zauna a bakin hanya ko za ta ga ɗan Marke Biyu ta tambaye shi ko wani ya zo nemanta. Takan gan su kuwa, mutanen da ta yi wa matansu wankan jego, amma da sun hango ta sai su sauya hanya.

Wata ranar Talata da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan azahar. Washegari tun da sassafe Tabawa ta ɗauki sungumi. Aikin shuka na mutum biyu ne, ɗaya yana sara rami, ɗaya yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ita kuwa sai ta sare layi har ƙarshe, ta ajiye sungumi, ta dawo farko ta ɗauki ƙwarya ta bi sawun kanta. Ƙasa tana da laushi da sanyi, tana kama ƙafa. Sai da ta kai tsakiyar fili ta tuna cewa tun da aka kawo ta gidan Jibo tana yarinya, ba ta taɓa zuba iri a ranar farko a gonar da za ta ci ba. Ta tsaya ta share ido da gefen zane, ta ci gaba.

Barorin Galadima ashirin suna zaune a gindin katanga suna ƙirga kwanaki. Bayan ruwan farko sama ta ɗauke, kamar yadda takan yi. Nata gero ya riga ya tsiro ya kafa saiwa yana shan laimar ƙasa. Ran na goma suka shiga da waƙa da kiɗa, suka gama shuka kafin hantsi, amma sungumi ƙura yake tayarwa. Rabi ya fito, rabi ya ƙone a rami, sai da suka sake shuka bayan ruwa na biyu. Da ciyawa ta taso, Tabawa ta bi ta tun tana ƙarama ta kankare, su kuwa dogarin da Waziri ya ajiye ya hana su shiga, suna ji suna gani ciyawa ta haɗiye yabanya, ta shanye takin da aka jibga mata. Galadima ya zo ya tsaya a kan iyaka yana zagin barorinsa, babban cikinsu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da laifi, kwanakin ne."

Duk da haka hankalin Tabawa bai kwanta ba. Taki taki ne, hannu arba'in kuma ba wasa ba ne. Da ruwa ya zauna sosai, gonar Galadima ta murmure ta yi kore shar, har kuyangar nan ta ce mata, "Iya, fara ɗaure kayanki." Kullum sai ta zagaya iyaka tana gwada tsawon kara da idonta, sannan ta koma rumfa.

Wata rana bayan la'asar, lokacin gero ya fara nuna, ta karyo kai biyu ta hura wuta tana gasa tumu. Sai ta ji motsi, ta ɗaga ido ta ga wani mutum tsaye da farar riga, ba rawani, Waziri yana can nesa a bakin ƙofar baya. Ta gane sarki ne, ta zube ƙasa.

Sarki ya ce, "Tashi, Iya. Kullum ina hango ki daga bene. Ƙamshin nan ne ya sauko da ni. Rabona da tumu tun ina yaro a gidan kakata."

Ta rasa yadda za ta yi. A al'adarsu ba a gasa tumu baƙo yana tsaye a hana shi, a al'adar fada kuma ba a ganin sarki yana ci. Sai ta murje kai ɗaya a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba a 'yar ƙwarya ta ajiye a gabansa, sannan ta juya masa baya ta fuskanci katanga, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba na ganin komai sai bango."

Sarki ya zauna a kan turmin da ta kifa. Ta ji yana tauna a hankali. Can ya ce, "Ke ma ci naki."

Ta murje nata ta fara ci, tana duban bango.

Ya ce, "Da wa kike cin abinci a gida, Iya?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe, shekara uku ke nan. Har yanzu in zan auna tsaba hannuna yakan ɗebo na mutum uku, sai na tuna in mayar."

Ya ce, "Ni shekara goma sha ɗaya. Yau ne na fara cin abu ina jin wani yana tauna a kusa da ni." Ya ƙara da cewa, "Kin san ba zan iya taimakonki ba in gero ya ba ki kunya. Na yi alkawari a gaban jama'a."

Ta ce, "Na sani. Ban roƙa ba."

Da ta juyo, ba kowa, sai ƙwarya a kan turmi.

Kaka ta yi. Tabawa ta girbe nata a kan lokaci, ta ɗaure, ta jingina. Na Galadima da ma a baya yake, ga kuma kwana tara na jira bayan ya nuna. Tsuntsayen jan-baki da suka rasa abinci a gonakin da aka riga aka girbe suka taru a kansa kamar hayaƙi, barori suna tsaye a iyaka suna ihu, tsuntsaye ko a jikinsu. Da aka shiga girbi, rabin kawunan sun zama tsinke.

Aka kawo amfanin gaban sarki, fada ta cika har waje. Na Tabawa dami goma sha huɗu, masu nauyi, sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Na Galadima biyar, su ma in an girgiza sai ƙaiƙayi ya tashi. Tabawa tana durƙushe tana ta hamdala a zuci, tana tsammani an gama.

Sai Galadima ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alhamdu lillahi, gero ya gaskata ni. Me na ce tun farko? Na ce talaka sai an tsaya a kansa. Ga tsohuwar da ta yi damina uku ba ta cika rumbu ba, da aka ajiye ta a ƙarƙashin idon sarki, dubi abin da ta fitar. Ashe tana iyawa, lalaci ne ya hana ta a gida. Laifinta ma yanzu ya tabbata."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Haka yake!"

Tabawa ta dubi dammanta. Wata huɗu na wahala, ga shi mutum ɗaya ya juye shi da numfashi ɗaya, kuma ta ga har waɗansu dattawa suna gyaɗa kai. Ta tuna bukkarta, ta tuna hanyar da ke ɓullowa daga kudu ta bi ta gefen gonar. Ba ta san lokacin da ta ɗaga kanta daga ƙasa ba, abin da ba a yi a zauren nan.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini in yi wa Galadima tambaya ɗaya." Sarki ya ɗaga hannu. Ta ce, "Ranka ya daɗe Galadima, idon sarkin da ya tsaya a kaina, ai shi ne ya tsaya a kanka, bene ɗaya ne, taga ɗaya ce. Kai ga himma a jini, ga barori ashirin, ga taki. To, kai kuma wane lalaci ne ya same ka?"

Babu wanda ya ce gaskiya ne, babu wanda ya ce haka yake. Daga can bayan zaure wani ya tuntsire da dariya ya yi maza ya mai da ita tari.

Waziri ya ce, "Allah ya taimaki sarki, ɗayan biyu ne. Ko dai Galadima rago ne, a fara karɓar gonakinsa bisa doka, ko kuwa kwana tara ne suka ci gonarsa, a yarda su ne suke cin ta talakawa. Ya zaɓi wadda ya fi so."

Galadima ya sunkuyar da kai ya ce, "Kwanakin ne, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya daɗe yana duban damman nan, sannan ya yi magana da murya mai nauyi. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina buga hatimi a kan sunayen mutane ina kiransu ragwaye, alhali suna can suna cika mini rumbu. Mun karɓe musu kwanaki, sannan muka karɓe musu gonaki don ba su da kwanaki, sannan muka ce haka Allah ya halicce su. Ina neman gafarar Ubangiji. Daga yau, in ruwan shuka ya sauka, kowa ya fara da gonarsa. Mai son a yi masa aiki ya nemi yardar mutane ya sallame su. Yinin sarki yana nan, amma shi ne na ƙarshe, bayan kowa ya rufe irinsa. Duk gonar da aka karɓa a zamanina a nemi mai ita a mayar masa."

Ya juya wajen Tabawa ya ce, "Iya, gonarki taki ce, ke da zuriyarki, babu mai sake rubuta sunanta a takarda. Ga damman nan da kika noma, ga shanun huɗa biyu. Kuma na ba ki ɗaki a gidan nan, ki zauna cikin girma, in riƙa jin shawararki, don na ga kin fi da yawa daga masu rawani hangen nesa."

Tabawa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa sarki imani. Gero na karɓa, shanu na gode. Ɗaki kuwa a gafarce ni. In na zauna a nan, wa zai zauna a can? Yarana ba su san hanyar fada ba, kuma ko sun sani, ba za a bar su su wuce ƙofar farko ba. Roƙona ɗaya, in masu shela za su fita, su kai har kasuwannin kudu, su ce gonar Jibo ta Marke Biyu tana nan, uwarsu tana ciki."

Sarki ya ce a yi haka. Ya so ya ƙara magana, ya duba ya ga zaure cike da kawunan da ke sunkuye, sai ya fasa, ya tashi ya shiga gida.

Tabawa ta koma Marke Biyu, jakuna suna biye da ita da dammanta. Mutanen da suka sauya mata hanya a birni suka fito tarye har bakin rafi, ta amsa gaisuwar kowa ba ta tayar da abin da ya wuce ba. Masu shela sun tafi sun dawo, waɗansu iyalai da yawa sun komo gonakinsu, ana ta gyaran danga ana ta ɗaura aure. Nata yaran dai har aka share gonaki ba su iso ba, kuma masu ba da labarin nan ba su faɗa mana ko sun iso daga baya ba. Abin da suka ce shi ne, da ruwan shuka ya sake sauka, ba a ji ganga ba a duk faɗin ƙasar, kuma an ga Tabawa tun da sassafe a gonarta, tana sara layi har ƙarshe, ta tsaya ta dubi hanya, sannan ta dawo ta ɗauki ƙwarya.

An ce Waziri Isiyaku ya sa an rubuta waɗansu kalmomi a saman ƙofar zauren shari'a, don duk alƙalin da zai shiga ya karanta kafin ya zauna: Kada ka auna abin da mutum ya girba sai ka tambayi ranar da aka bar shi ya shuka, domin adalci tun a ranar shuka yake farawa. Allah ya ba mu shugabanni masu yin wannan tambaya.